Me Ya Sa Wi-Fi Ke Ƙin Yi A Linux? Rigimar Daga Firinta Ta Faro



Tun ranar 14 ga Oktoban 2025 da kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin Windows 10, maganar Linux ta yawaita. Windows 11 yana neman guntun tsaro na TPM 2.0 da kwamfuta 'yar kwanan nan, kuma da yawa daga laftof ɗin tokumbo da ke hannunmu ba su cika wannan sharaɗi ba. Sai ka ji mutum ya sa Ubuntu ko Linux Mint, Wi-Fi ya ƙi yi, agogo ya rikice, ya ce abin ba shi da kyau, ya koma tsohon Windows ɗin da ba a ƙara toshe masa ɓaraka, kuma a kansa yake shiga asusun bankinsa.

Ɗan uwa, kafin ka goge, ka ji tarihin waɗannan matsaloli. Kusan kowace ɗaya tana da mafari, kuma idan ka san mafarinta ka san inda za ka taɓa. Masu iya magana suka ce sanin wurin bugu shi ne ƙira.

Wajajen 1980, a ɗakin binciken jami'ar MIT da ke Amurka, akwai wani mai rubuta manhaja sunansa Richard Stallman. Tsohuwar firintarsu takan cije takarda, to da yake asalin rubutun manhajarta yana hannunsu, sai suka gyara shi yadda da ta cije za ta aika wa masu jira saƙo, wani ya tashi ya je ya zare. Da aka kawo sabuwa ta kamfanin Xerox, ita ma tana cijewa, amma wannan karon babu asalin rubutun. Stallman ya je wajen wani da ke da shi a jami'ar Carnegie Mellon, mutumin ya ce ya sa hannu a yarjejeniyar ba zai ba kowa ba. Kai da ka taɓa riƙe waya ka san ciwonta sarai amma ba ka da zanen allonta, ka san irin wannan takaicin. A 1983 Stallman ya sanar da aikin GNU: tsarin kwamfuta da kowa ke da damar dubawa, ya gyara, ya raba. A watan Agustan 1991 kuma wani ɗalibi ɗan shekara 21 a jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya sanar da cewa yana rubuta zuciyar tsarin, wato kanel, ɓangaren da ke magana kai tsaye da ƙarafan kwamfuta. Haɗuwar waɗannan biyun ce muke kira Linux a yau.

Riƙe labarin firintar nan da kyau, don shi ne ya yi ta maimaita kansa shekara arba'in.

Kowace na'ura a cikin kwamfuta, katin Wi-Fi ne, na hoto ne, na sauti ne, tana buƙatar direba. Ba direban mota ba, wani ɗan rubutu ne da ke tafinta tsakanin na'urar da tsarin. Kamfanonin da ke ƙera na'urorin sukan rubuta wa Windows direba da hannunsu, tunda can kasuwa take. Linux kuwa sau da yawa ko bayanin yadda na'urar ke aiki ba a ba shi. Sai 'yan sa kai su zauna su yi ta lalube har su gano. A ƙarshen shekarun 1990 modem ne ciwon kai: an riƙa ƙera masu araha da aka zare musu rabin aikinsu aka ɗora wa direban Windows, har ake ce musu Winmodem. Ka sa Linux, modem ya zama ƙarfe kawai.

Da zamanin Wi-Fi ya zo, abin ya ƙara muni. A 2003 aka fito da wata dabara mai suna NDISwrapper, wadda ke ɗaukar direban Windows ɗin kansa ta yaudare shi ya yi aiki a cikin Linux. Dabara ce ta "da babu gara ba daɗi", wani lokacin ta yi, wani lokacin ta daskarar da kwamfutar. Katunan Broadcom, waɗanda suka cika laftof ɗin wancan zamani, su suka fi yin suna a nan, kuma sai a 2010 kamfanin ya saki buɗaɗɗen direba ga wasu daga cikinsu. Wasu na ce fa, ba duka ba. Shi ya sa har gobe in ka ɗauko tsohon laftof ka sa Linux, kana iya tarar da alamar Wi-Fi babu ita gaba ɗaya. Katin bai mutu ba. Direbansa ne na kamfani, ba ya cikin kanel, sai ka ɗauko shi daban.

Ga yadda za ka bi. Buɗe Terminal ka rubuta rfkill list. Idan ya nuna an toshe katin, to maɓallin Wi-Fi na jikin laftof ɗin ne ko yanayin jirgi, ba direba ba, kuma za ka yi mamakin yawan waɗanda nan matsalarsu take. In ba a toshe ba, rubuta lspci ka nemi layin da ke ɗauke da sunan katin. Daga nan ka shiga Additional Drivers a Ubuntu, ko Driver Manager a Mint. Wannan taga ma tarihi ce: Ubuntu ya fara kawo irinta a 2007, bayan an daɗe ana gardama tsakanin masu cewa kada a taɓa duk wani rubutu rufaffe da masu cewa a bar mutane su shiga intanet tukuna.

To amma fa kana buƙatar intanet kafin ka sauke direban da zai ba ka intanet. Gaba kura baya sayaki kenan, kuma a da sai ka nemi wayar intanet ta bango ko kwamfutar wani. Yanzu maganin yana aljihunka. Jona wayarka ta Android da kebul, ka shiga saitin hotspot ka kunna USB tethering. Linux zai gan ta nan take ba tare da ka sa komai ba. Abin da ke ba ni sha'awa a nan shi ne, Android ɗin kansa, tun wayar farko ta HTC a 2008, a kan kanel ɗin Linux yake zaune. Wato ƙane ne ya zo ceton wa. Kai da kake cewa ba ka taɓa amfani da Linux ba, kullum yana hannunka.

Wani tarko guda kafin mu wuce. Da fitowar Windows 8 a 2012 kwamfutoci suka fara zuwa da Secure Boot, wanda ke hana duk abin da ba shi da hatimi tashi. In ka sa direban Broadcom ko na Nvidia ka sake kunnawa sai ka ga shuɗin allo yana maganar MOK, kada ka tsallake. Zaɓi yin rajistar makullin, ka sa kalmar sirrin da ka zaɓa lokacin sakawa. Ka tsallake, direban yana nan amma ba zai tashi ba, ka kwana kana zargin kati. Shi Nvidia labarinsa dogo ne. A 2012 Torvalds ya fito gaban jama'a a jami'ar Aalto ya yi wa kamfanin zagi har da ɗaga yatsa saboda rashin haɗin kai, kuma sai a 2022 suka buɗe wani ɓangare na direbansu.

Firintar da ta jawo rigimar kuwa, ita ce yanzu ta fi sauƙi. Michael Sweet ya fito da tsarin buga takarda na CUPS a 1999, Apple ya ɗauke shi ya sa a Mac, daga baya a 2007 ya saye shi. Firintocin zamani da yawa yanzu ba sa neman direba, da kun hau Wi-Fi ɗaya za ta bayyana. Tsofaffin ne kawai ke sa gumi.

Wasu matsalolin ba na direba ba ne, na haƙƙin mallaka ne. Shekaru da dama ka sa Linux ka danna waƙa ko karatu na MP3 ya ƙi buɗewa, saboda fasahar tana ƙarƙashin rajistar mallaka har zuwa 2017. Ɗaya daga abubuwan da suka sa Linux Mint ya karɓu bayan fitowarsa a 2006 kenan, ya zo da kayan sauti da bidiyo a shirye. Haka memori mai girman da ya wuce GB 32, wanda ke zuwa da tsarin exFAT na Microsoft: sai a 2019 kamfanin ya buɗe bayaninsa aka shigar da shi kanel. In memorinka ya ƙi buɗewa yau, duba ko tsohon Linux ne ƙwarai aka sa maka.

Sai agogo, wanda kusan duk mai Windows da Linux a kwamfuta ɗaya ya gamu da shi. Ka fita daga Linux ka shiga Windows, ka ga agogo ya koma baya da awa ɗaya cif. Mutane kan ce batirin allo ne ya mutu. Ba shi ba ne. Linux ya gaji al'adar Unix ta ajiye agogon cikin allo a kan lokacin duniya, Windows kuma ya gaji ta DOS ta ajiye shi a kan lokacin gari. Najeriya da Nijar suna gaban lokacin duniya da awa ɗaya, ga awar taka da ta ɓata. 'Yan uwanmu na Gana ba su ma san da wannan matsala ba, don lokacinsu daidai yake da na duniya. Umarni ɗaya a Linux ke raba gardamar: timedatectl set-local-rtc 1. In kuma Linux ya ƙi barinka ka rubuta a ɓangaren diskin da Windows yake, shiga Windows ka kashe Fast Startup, domin da shi a kunne Windows ba ya mutuwa gaba ɗaya, barci yake yi da diskin a hannunsa.

Akwai wadda ta fi shafarmu mu da wuta ba ta zama. A farkon zamanin Linux, sa manhaja ɗaya kan ja ka neman wasu biyar da ta dogara da su, kowace da nata biyar ɗin. Debian, wanda Ian Murdock ya kafa a 1993, ya kawo APT a ƙarshen shekarun 1990 don ya riƙa yin wannan lissafi da kansa, kuma a kan Debian Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya gina Ubuntu a 2004. Shi ne wanda ya riƙa aika faifan CD kyauta ta gidan waya zuwa ko'ina a duniya har 2011. Yau fayil ɗin Ubuntu ya haura GB 5, sai ka shirya data. To APT yana riƙe da littafin abin da aka sa da wanda ba a gama ba. In aka ɗauke wuta kana tsakiyar sabuntawa, batiri kuma ba ya riƙewa, littafin zai tsaya a rabi, komai ya ƙi sakuwa. Kada ka yi fomatin. Rubuta sudo dpkg --configure -a, ka bi shi da sudo apt --fix-broken install, yawanci daga inda ya tsaya zai ɗora.

Mu masu gyaran waya kuwa, gaskiya ɗaya ce: yawancin akwatunan filashin da manhajojinsu na Windows ne kaɗai, kada wani ya ce maka ka goge na shago. Amma adb da fastboot suna aiki lafiya lau a Linux, babu wahalar neman direban kowace waya. In wayar MediaTek tana haɗuwa tana yankewa wajen filashin, tsayar da ModemManager, shi ke zaton modem ka jona ya riga ka cafke ƙofar.

Tun 2000 wani Bajamushe, Klaus Knopper, ya fito da Knoppix, Linux mai tashi daga faifai ba tare da ya taɓa diskinka ba, kuma Ubuntu da Mint duk suna yin haka daga filas. Kunna daga filas ɗin tukuna, ka gwada Wi-Fi, sauti, kyamara da firinta, ka jona wayarka ka ga ko hotunanka sun bayyana. In Wi-Fi ne kaɗai ya ƙi, rubuta sunan katin a takarda, ka tanadi kebul ɗinka da data, sannan ka danna sakawa.