Daga Littafin Alƙali Zuwa Kotun Bakin Titi: Ina Takardar Shari'ar Direba Take Kwana?



Direban da ya ɗauki fasinja a Sabon Wuse da asuba, ya sauke su a Zuba, ya juyo ya kai kaya Tafa kafin azahar, ya ratsa ƙasar hukuma uku a wuni ɗaya: Jihar Neja, Babban Birnin Tarayya, da bakin iyakar Jihar Kaduna. Kowace da kotunanta da jami'anta, ga kuma hukumar kiyaye haɗura ta tarayya a kan titin duka. Shi ya sa idan aka kama motar mutum aka ci shi tara, bayan wata shida ka tambaye shi wace kotu ce ta yanke hukuncin, sai ya ce maka "a kan hanya ne". Wannan amsa tana da tarihi, kuma tana jawo wa mutanenmu asara.

Garin namu kansa hanya da hukuma suka haife shi. A ranar 3 ga Fabrairu 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta kafa dokar sabon babban birni, a ranar ce kuma aka ƙirƙiro Jihar Neja. Tsohuwar Abuja ta bar wa sabon birnin sunanta ta koma Suleja, don tunawa da Sarki Sulaimanu Barau. Mutanen tsohuwar Wuse aka taso su aka zaunar da su nan bakin hanyar Kaduna. Da gwamnatin tarayya ta tare a Abuja a ranar 12 ga Disamba 1991, sai wannan titi ya zama babbar ƙofar Arewa zuwa birnin. Mota ta yi yawa, laifin tuƙi ya yi yawa, masu kamu ma suka yi yawa.

Amma dokar mota ta girmi duk wannan. Turawa sun fara kafa ta a Kudu a 1913, aka faɗaɗa ta ga ƙasa baki ɗaya a 1916, sannan aka yi babbar dokar zirga-zirgar ababen hawa a 1947. A wancan zamani kotu iri biyu ce a Arewa: kotun alƙali a ƙarƙashin En'e, da kotun majistare ta gwamnati. Abin da ya kamata mu lura da shi shi ne, dukansu suna rubutu. Alƙali yana da malamin da ke shigar da ƙara a littafi, sau da yawa da Larabci: wanda ya kawo ƙara, wanda aka kawo, shaidu, da hukunci. Littattafan majalisar shari'a ta Sarkin Kano Abbas na wajen 1913 da 1914 suna nan, har wani masanin tarihi, Allan Christelow, ya fassara wasu shari'o'in ciki ya buga. Wato shari'ar da aka yi shekara ɗari da 'yan kai ana iya karanta ta yau, amma "sasantawar" da aka yi da direba a bakin titi makon jiya babu wanda zai iya nuna maka ita. Wannan abin kunya ne a gare mu, ba a gare su ba.

A 1960 Arewa ta fara aiki da kundin Final Kot da kundin tsarin shari'ar laifuka. Daga nan ne takardar nan da 'yan sanda ke gabatar da wanda ake tuhuma da ita gaban majistare, wadda ake ce wa FIR, ta shiga bakin mutane. A ƙarshen shekarun 1960 aka karɓe kotunan alƙalai daga hannun En'e suka koma kotunan yanki, 'yan doka kuma aka narka su cikin 'yan sandan Najeriya. Sai ranar 2 ga Afrilu 1972 aka yi canjin hannu, aka bar tuƙi ta hagu aka koma dama. Tsofaffin direbobi har yanzu da shi suke ƙirga shekaru.

Kuɗin mai ya cika ƙasa da motoci a shekarun 1970, mutuwa a kan titi ta yi muni. Jihar Oyo ta kafa rundunarta ta kiyaye haɗura a 1977, da hannun Farfesa Wole Soyinka a ciki. A Fabrairun 1988 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa ta tarayya, FRSC, wadda muke kira rod sefti, Soyinka ya zama shugabanta na farko, Dokta Olu Agunloye kuma babban kwamandanta. An haɗe ta da 'yan sanda a 1999, aka sake raba su a 2003, shekarar da aka fara tilasta ɗaura bel. Dokar da take aiki da ita ita ce ta 2007.

A nan ne tarihin ya yi kwana. Da can sai an je gaban alƙali ko majistare kafin a ci mutum tara. Yanzu jami'i yana rubuta maka takardar laifi nan take, kuma doka ta riga ta yanka kuɗin kowane laifi. A jadawalin dokar 2007, rashin ɗaura bel naira 2,000 ne, amsa waya ana tuƙi naira 4,000, lodin da ya wuce ƙa'ida naira 10,000, tuƙi ba lasin naira 10,000, tuƙin ganganci naira 50,000. Kowane laifi kuma da makinsa da ake ɗora wa direba. Kuɗin ba a hannun jami'i ake ba da shi ba. Da aka tilasta asusun bai-ɗaya na gwamnatin tarayya a 2015, sai aka koma biya ta Remita, a banki ko ta waya, a karɓi rasit. Abin da yawancin direbobinmu ba su sani ba shi ne, wannan takarda ba hukunci ba ce. Tuhuma ce. Biyan tarar yana nufin ka amsa laifi ka hutar da kanka zuwa kotu. Wanda yake ganin bai yi laifin ba yana da damar ya ce a kai shi gaban majistare.

Daga nan kuma aka samu kotun tafi-da-gidanka, wadda ake yawan kafawa lokacin Sallah da ƙarshen shekara. Rumfa ce da tebur da kujeru a gefen titi, shi ya sa wasu ke raina ta, suna ɗauka wani shingen ne kawai. Ba haka ba ne. Majistare na gaske ne ke zaune, daga ma'aikatar shari'ar jihar da ake ciki, hukuncinsa kuma hukunci ne kamar wanda aka yanke a ɗakin kotu. Yana iya cin tara, yana iya ɗauri, yana iya sallama. Ana iya ɗaukaka ƙara a kansa zuwa babbar kotu. Kundin tsarin mulki na 1999, a sashe na 36, ya ba wanda ba ya jin harshen da ake shari'a da shi haƙƙin tafinta kyauta. Direbobi nawa ne suka gyaɗa kai da aka karanta musu tuhuma da Turanci, aka rubuta sun amsa laifi? Ni dai a ganina nan ne asarar ta fi yawa, ba a girman tarar ba.

Sashen na 36 bai tsaya nan ba. Ƙaramin sashe na 7 ya wajabta wa kotu ta ajiye rubutaccen bayanin duk shari'ar laifi, ya kuma ba wanda aka tuhuma, ko wanda ya wakilta, haƙƙin samun kwafin hukunci cikin kwana bakwai da gama shari'a. Ƙaramin sashe na 9 ya ce wanda ya nuna an riga an yi masa shari'a a kan wani laifi, an hukunta shi ko an wanke shi, ba za a sake gurfanar da shi a kansa ba. Ku lura da kalmar: wanda ya nuna. Da me za ka nuna in ba takarda?

A Amurka, kotunan gundumomi da yawa sun zuba irin waɗannan bayanai a intanet, mutum ya sa sunansa ko lambar tikitinsa ya ga shari'arsa. Mu nan har yanzu majistare da hannu yake rubutawa, fayil ɗin kuma yana komawa ofishin rajistaran kotun da majistaren yake zama. Don haka mai neman bayanin shari'arsa sai ya fara gano wace jiha aka kama shi da kuma wane majistare ya zauna. Kamun da aka yi a Zuba ba za a same shi a Suleja ba, na ɓangaren Kaduna kuma ba ya zuwa Minna. Idan ya gano kotun, sai ya rubuta wa rajistara takardar neman kwafi, ya sa sunansa kamar yadda aka rubuta a tuhuma, da lambar ƙara, da ranar zama, da lambar mota. Za a yanka masa kuɗi ya biya ya karɓi rasit. Kwafin da zai nema shi ne mai hatimi da sa hannun jami'i, wanda lauyoyi ke kira CTC, domin shi dokar shaida ta 2011 ta yarda da shi a gaban wata kotu. Hoto a waya ba ya maye gurbinsa. Mai mota ma ya kamata ya karɓi kwafi daga direbansa, musamman idan an yi haɗari, saboda kamfanin inshora da magadan wanda ya rasu duk takarda za su tambaya.

Tarihin bai ƙare ba. A watan Oktoba 2024 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja, a ƙarƙashin Mai Shari'a Evelyn Maha, ta yanke cewa jami'an VIO na birnin tarayya ba su da ikon tsayar da mota, ko kwace ta, ko cin direba tara. Labarin ya karaɗe tashoshi, wasu suka ɗauka an soke kamu a ƙasa duka. Hukuncin a kan jami'an Abuja aka yi shi. Bai shafi rod sefti ba, bai kuma goge dokokin Jihar Neja ko na Kaduna ba. Wanda ya tsaya gardama da shi a Dikko ko a Gauraka yana kafa hujja da hukuncin da ba a ƙasar da yake tsaye aka yanke shi ba, kuma motarsa ce za ta kwana a ofis.