Jakada Yonov Frederick Agah: Tsohon Wakilin Nijeriya a Ƙungiyar Ciniki ta Duniya

Gabatarwa

Jakada Yonov Frederick Agah babban ma'aikacin Gwamnatin Tarayya ne wanda ya wakilci Nijeriya a Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, wato WTO, da ke birnin Janiba a ƙasar Suwizalan. An kafa wannan ƙungiya ranar 1 ga Janairu, 1995, kuma Nijeriya na cikin ƙasashen da aka fara da su.

Ilimi da Aiki

Ya yi digirinsa na farko da na biyu a fannin tattalin arziki a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, daga baya ya sami digirin digirgir a Jami'ar Jos. Ya koyar a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, ya kuma yi aiki a kamfanoni, kafin ya shiga ma'aikatar ciniki ta tarayya, inda ya kai muƙamin daraktan cinikin ƙasashen waje.

Wakilci a Janiba

A shekarar 2005 aka naɗa shi jakadan Nijeriya a ƙungiyar. Aikin mai riƙe da wannan muƙami shi ne kare muradin ƙasarsa a tattaunawa kan harajin kwastan, da tallafin manoma, da ƙa'idojin shige da ficen kaya. Ya shugabanci sashen sasanta rigingimun ciniki a 2010, da Babbar Majalisar ƙungiyar a 2011. Daga Oktoban 2013 zuwa 2021 ya riƙe muƙamin Mataimakin Babban Darakta. A 2020 Nijeriya ta fara gabatar da sunansa don shugabancin ƙungiyar, sannan ta maye gurbinsa da Dokta Ngozi Okonjo-Iweala, wadda ta kama aiki a Maris 2021.

Muhimmancin Aikin ga Jihar Kebbi

Manomin shinkafa a fadamar Gulbin Rima yana iya ganin Janiba ta yi masa nisa, amma abin da ake ƙullawa a can yana taɓa farashin buhunsa a kasuwa. Nijeriya ta yi wa ƙungiyar alkawarin cewa harajin da za ta ɗora wa kayan gona na waje ba zai wuce kashi 150 cikin ɗari ba. A cikin wannan iyaka ne gwamnati ke ɗagawa ko sassauta harajin shinkafar waje. Idan an ɗaga, shinkafar gida takan yi daraja. Idan an sassauta, mai saye ya sami sauƙi, manomi kuwa ya fuskanci gasa.

Wannan ya shafi manoman da suka shiga shirin bashin noma na Babban Bankin Nijeriya da aka ƙaddamar a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015, da masana'antun casar shinkafa irin su Labana a Birnin Kebbi da WACOT a Argungu. Saboda haka ya kamata jami'an ƙananan hukumomi da shugabannin ƙungiyoyin manoma su riƙa isar da bayanan amfanin gona da koke-kokensu ga ma'aikatun gona da ciniki, domin da irin waɗannan bayanai ne wakilin ƙasa ke kafa hujja a zauren tattaunawa.