Daga Tubali Zuwa Madatsar Goronyo: Tarihin Gwajin Kayan Gini a Kwarin Rima



Gabatarwa

Wannan lacca za ta duba wata tambaya guda wadda kowane magini yake fuskanta tun kafin ya aza harsashi, watau yaya zai san cewa abin da zai yi gini da shi zai ɗauki nauyin da za a ɗora masa. Za mu bi tarihin amsar wannan tambaya a gabashin ƙasar Sakkwato, daga Wurno da Raba zuwa Goronyo da ƙauyukanta irin su Boyekai. Dalilin zaɓen wannan yanki shi ne, a cikinsa ne hanyoyi biyu na sanin kayan gini suka haɗu: hanyar magina na gargajiya, da hanyar injiniyoyi wadda ta dogara ga awo da lissafi. Maganar kuwa ta shafi rayuka, domin dubban manoman shinkafa da albasa da tafarnuwa suna kwana a gindin bangon ƙasa wanda yake tare da ruwa mai ɗimbin yawa.

Ilmin magina na da

Lokacin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa ribaɗinsa a Wurno, inda ya rasu a 1837, kayan ginin da ke hannun mutanensa su ne ƙasa da ciyawa da itace. Amma ba kowace ƙasa ake gini da ita ba. Magini yakan damƙi ƙasa ya jiƙa ta, ya murza a tafin hannu. In ta zube, rairayi ya yi mata yawa. In ta bushe ta tsattsage, yumɓu ya rinjaye ta. Sa'an nan a kwaɓa da ciyawa, a bar ta ta kwana ta ruɓa, a yi tubali, a shanya. Don kare bango da soro daga ruwan sama, sai a yi yaɓe da makuba wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ko kuwa laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin dabba da dafara.

Haka kuma azara, wadda ake tsagowa daga giginya saboda gara ba ta cinta da sauƙi. Magina sun san cewa in tazarar da azara za ta tsallake ta wuce kimanin ƙafa 6, rufin laka zai lanƙwasa ta. Wannan sani ne ya haifi bakan gizo da ɗaurin guga, dabarun da suka kai matuƙa a masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Lissafin zamani ya tabbatar da abin da suka gano: in aka ninka tsawon azara sau biyu, aka bar kaurinta da irin rufin da take ɗauke da shi yadda suke, lanƙwasarta za ta ninku sau 16.

Haƙiƙa wannan gwaji ne, kuma damina ce take yanke masa hukunci kowace shekara. Sai dai yana da iyaka biyu. Ta farko, sakamakon yana zaune ne a kan maginin, sai wanda ya yi masa barantaka zai gada. Ta biyu, yana bayani ne kawai a kan abin da aka taɓa ginawa. Wanda ya gina soro ɗari ya san soro, amma ba shi da hanyar sanin abin da zai sami bangon da ba a taɓa gina irinsa ba.

Yadda awo da lissafi suka shigo

Abin da ya karya wannan iyaka shi ne rubuta sakamakon gwaji da lambobi, sa'an nan a nemi ƙa'idar da ta ɗaure lambobin. Irin wannan ƙa'ida ita ce za mu kira kwatancin lissafi, watau siffar abu a takarda wadda za a iya tambaya kafin a kashe kuɗi. A 1678 Robert Hooke na Ingila ya bayyana cewa miƙewar ƙarfe daidai take da ƙarfin jan da aka yi masa, muddin ba a wuce kima ba. A 1856 Henry Darcy, injiniyan ruwa na birnin Dijon a Faransa, ya cika bututu da rairayi ya riƙa tura ruwa yana aunawa, har ya gano cewa yawan ruwan da ke ratsawa yana ƙaruwa da ƙarfin turin ruwan, yana raguwa da tsawon hanyar da zai bi, kuma kowace irin ƙasa da nata gwargwado. A 1911 Albert Atterberg na Suwidin ya tsara yadda za a auna yawan ruwan da ke mai da yumɓu daga tauri zuwa laushi, daga laushi zuwa taɓo. A 1925 Karl Terzaghi ya tattara ilmin ƙarfin ƙasa ya mai da shi fanni mai zaman kansa.

Ya kamata mu ɗan tsaya a kan aikin Ralph Proctor, injiniyan madatsun ruwa na birnin Los Anjalis a Amurka, wanda ya buga sakamakonsa a 1933, domin kowace mace da ta taɓa yin daɓe za ta gane shi. Busasshiyar ƙasa ba ta daɓuwa, haka kuma wadda ta jiƙe sharkaf. Proctor ya ɗebi ƙasa iri ɗaya ya raba ta kashi kashi, ya ba kowane kashi ruwa daban, ya daka su cikin gwangwani da madaɓi mai nauyi ɗaya da bugu adadi ɗaya, sa'an nan ya auna nauyin ƙasar da ta shiga gwangwanin bayan an cire na ruwa. Da ya jera sakamakon a zane, sai layin ya hau, ya kai ƙololuwa, ya gangaro. Ƙololuwar nan ita ce ruwan da ya dace da ƙasar. Abin da masu daɓe suka sani a hannu ya zama lamba wadda za a rubuta cikin takardar kwangila, a kuma bi ɗan kwangila da ita.

Amma awo ba ya fitowa daidai sau biyu. Ɗigogin da aka samu a ɗakin gwaji kullum a warwatse suke, don haka dole a sami hanyar ja musu layin da ya fi kusa da su duka. Legendre a 1805 da Gauss a 1809 su suka bayyana wannan hanya: a auna ratar kowane ɗigo daga layin, a ninka kowace rata da kanta, a tara, sai a zaɓi layin da jimlarsa ta fi ƙanƙanta. Har gobe da wannan dabara kwamfuta take aiki a ɗakunan gwaje-gwaje.

Duwatsun Sakkwato da zuwan siminti

A ƙasar Sakkwato, awo ya fara ne da sanin abin da ke ƙarƙashin ƙasa. J. D. Falconer ya buga littafinsa kan duwatsun Nijeriya ta Arewa a 1911, aka kafa ma'aikatar binciken ƙasa da ma'adinai a 1919, Raeburn da Tattam suka yi rahoto kan duwatsun Lardin Sakkwato a 1930, Brynmor Jones ya faɗaɗa shi a 1948. Sunayen da aka ba shimfiɗun dutsen na garuruwanmu ne: Taloka, da Dukamaje, da Wurno, da Dange, da Kalambaina. Binciken ya nuna cewa teku ta taɓa rufe wannan yanki shekaru miliyoyi da suka wuce. Shaida kuwa ita ce ƙasusuwan wani babban ƙadangaren ruwa da aka haƙo a shimfiɗar Dukamaje, wanda masana daga Italiya suka sa wa suna Goronyosaurus a 1972, don tunawa da Goronyo. Wannan teku ce ta bar mana dutsen farar ƙasa na Kalambaina da jibsin na Dukamaje da Dange, waɗanda siminti yake bukata.

A 1962, zamanin gwamnatin Sardauna Ahmadu Bello, haifaffen Raba, aka kafa kamfanin siminti na Arewa, ya fara aiki a Kalambaina a 1967 da ƙarfin tan 100,000 a shekara. A 1985 aka ƙara sashe mai tan 500,000. Yanzu masana'antar tana ƙarƙashin BUA Cement.

Siminti ya zo da wata matsala wadda laka ba ta da ita. Idon magini yana iya gane tubali mai kyau, amma kankare mai ƙarfi da mara ƙarfi kamarsu ɗaya. A 1918 Duff Abrams na Shikago, bayan dubban gwaje-gwaje, ya nuna cewa ƙarfin kankare yana raguwa gwargwadon yadda aka yawaita ruwa a kan siminti. Shi ya sa ake zuba samfuri a ƙananan akwatuna, a jiƙa shi kwana 28, a matse shi da inji har ya fashe. A nan ne ma'aikacin da ke sa hannu a takardar biya ya kamata ya lura. Mu ɗauka, alal misali, 'yan kwangila biyu sun kawo samfura, matsakaicin ƙarfin kowannensu 30. Na farko nasa suna tsakanin 28 da 32, na biyu kuwa tsakanin 20 da 40. Matsakaici ya ce daidai suke, alhali ginin na biyu zai karye ne a wurin da yake 20. Saboda haka ƙa'idar aikin kankare take duban warwatsuwar sakamako, take neman ƙarfin da bai fi samfuri 5 cikin 100 za su gaza shi ba.

Madatsar Goronyo

Farin da aka yi daga 1972 zuwa 1974 ya sa hukuma ta mai da hankali ga tara ruwa. An kafa hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima a 1973, aka gama madatsar Tiga a Kano a 1974, da ta Bakolori a 1978. An kammala ta Goronyo a kan Gulbin Rima a 1984, aka ƙaddamar da ita a 1992. Bango ne na ciko da rairayi, tsayinsa mita 21, tsawonsa kilomita 12.5, an kuma tsara shi ya riƙe ruwa kyubik mita miliyan 942, don noman rani da kuma shan mutanen Sakkwato da Birnin Kabi.

Ga bango irin wannan, duk ƙa'idojin da muka ambata suna aiki lokaci guda. Ta Proctor ita ke faɗin yadda za a daɓe kowace shimfiɗar ciko. Ta Darcy ita ke faɗin yawan ruwan da zai tsiyaye ta cikin bangon da ƙarƙashinsa, kuma rairayi ya fi yumɓu sakin ruwa sau dubbai. Tsiyaya kanta ba laifi ba ce, domin babu madatsar ƙasa da ba ta yi. Haɗarin yana zuwa ne in ruwan ya fara jan ƙasa tare da shi, ya haƙa rami a cikin bangon. Abin da ya ci madatsar Teton a Amurka ke nan ran 5 ga Yuni 1976, tun ana cika ta karo na farko, mutum 11 suka halaka. A nan gida ma madatsar Bagauda ta ɓalle a watan Agusta na 1988, ta yi ɓarna mai yawa a Jihar Kano.

Goronyo ta ba mu darasi biyu. A watan Satumba na 2010, bayan ruwan sama mai yawa, ambaliya ta mamaye gonaki da garuruwa a ƙasashen Goronyo da Wurno har zuwa Sakkwato, ta yanke hanyar da ta haɗa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da gari. A farkon 2018 kuma aka ba da rahoton cewa ruwan tafkin ya ragu zuwa kimanin kashi 10 cikin 100 na abin da yake ɗauka, aka danganta haka ga ƙarancin ruwan sama da taruwar laka. Ruwa ba ya tsami banza. Kogin da ya kawo ruwa yana kawo rairayi, saboda haka adadin da aka rubuta a 1984 ba zai tsaya yadda yake ba, sai an sake auna zurfin tafkin lokaci lokaci za a san gaskiyarsa.

Game da ambaliya kuwa, akwai wata magana da take ruɗin mutane. In injiniya ya ce ambaliyar shekara 100, ba ya nufin sai bayan shekara 100 za ta zo. Yana nufin a kowace shekara damar zuwanta 1 ce cikin 100. In aka lissafa, cikin shekara 50 damar zuwanta aƙalla sau ɗaya ta kusa kashi 40 cikin 100. Bugu da ƙari, wannan ƙiyasi ana ciro shi ne daga rajistar awon kogi, kuma rajistar da ta taƙaita ga 'yan shekaru, musamman shekarun fari, za ta nuna kogin ya fi yadda yake sanyin hali.

Kammalawa

Tun daga 1960, lokacin da Ray Clough ya sa wa dabarar rarraba gini gutsure gutsure don lissafi suna, kwamfuta ta samu ikon kwatanta madatsa sukutum, ta nuna inda ruwa zai bi da inda nauyi zai taru. Muna kuma da cibiyoyin yin wannan aiki: Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962, Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tun 1975, da cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi ta ƙasa tun 1978. Duk da haka, kwamfuta ba ta taɓa damƙar ƙasar Boyekai ba. Lambobin da aka ba ta su za ta juya, in an aro su daga littafin da aka rubuta kan ƙasar Turai, amsar Turai za ta bayar.

Don haka ɗaliban da ke nan, aikinku shi ne ku auna kayanmu, marmara da yumɓu da azara da laso, ku rubuta sakamakon duka, har da wanda bai yi muku daɗi ba. Ma'aikata kuwa, ku ne masu riƙe da kasafin kuɗi da ma'ajiyar takardu. Albashin mai karanta ma'aunin kogi kowace safiya, da kuɗin gyaran na'urorin auna tsiyaya a jikin bango, su ne sukan fara faɗuwa in an zo rage kasafi, alhali a kansu duk lissafin ya dogara. Maginin Wurno yakan zagaya soronsa ya sabunta yaɓe kafin kowace damina. Madatsar da take bisa kan garuruwa ta fi cancantar wannan kulawa.