Tarihin Tallan Turaren Maza a Turai da Amurka

Turaren maza, a matsayin haja mai kwalbarta da sunanta da tallarta daban da na mata, bai daɗe ba a Turai da Amurka. Ruwan ƙamshin da Johann Maria Farina ya fara haɗawa a birnin Kolon na Jamus a 1709 na kowa ne, mace da namiji, kuma Napoleon yana cikin waɗanda suka yi suna wajen yawan shafa shi. A ƙarni na 19 ne al'ada ta juya. Mazan Turai masu hali suka koma sa baƙaƙen kaya marasa ado, ƙamshi mai ƙarfi ya zama abin mata, namiji ya tsaya ga sabulu da ruwan shafawa bayan aski. Abin ya sha bamban da ƙasashen Musulmi, har da ƙasar Hausa, inda shafa turare ranar Juma'a sunna ce, almiski kuma adon dattijo ne.

Don haka aikin farko da ya hau kan masu talla shi ne cire wa namiji kunya. Ga kuma wata matsala: ƙamshi ba ya fitowa a hoto, ba ya bin rediyo. Abin da za a iya nunawa shi ne irin mutumin da ke shafa turaren. A 1934 kamfanin Caron na Faransa ya fitar da Pour un Homme, ɗaya daga cikin turarukan farko da aka fito fili aka ce na maza ne. A Amurka, kamfanin Shulton ya fara Old Spice domin mata a 1937, sannan ya kawo na maza a 1938, da hoton jirgin ruwa a jikin kwalba, ana sayar da shi tare da kayan aski. Matuƙin jirgi, mai fama da teku da iska, ba wanda zai ce masa rago don ya yi ƙamshi. Dabarar ce kamfanin Fabergé ya bi da Brut, wanda ya fito a 1964, inda ya ɗauko 'yan wasa irin su Joe Namath da Muhammad Ali, a Ingila kuma ɗan dambe Henry Cooper da ɗan ƙwallo Kevin Keegan.

Daga shekarun 1960 alkawarin da masu talla ke yi wa maza ya canza, ya zama na farin jini wurin mata. Hai Karate, wanda ya shiga kasuwar Amurka a 1967, har takardar koyon kare kai ake sakawa a kwalinsa, wai don mai shafawa ya iya kuɓuta daga matan da za su yi masa caa. Kamfanin Unilever ya kai wannan salo ƙarshe da Axe, wanda ya fara a Faransa a 1983 kuma ake kira Lynx a Birtaniya. Shekara da shekaru labarin ɗaya ne: saurayi marar kwarjini ya fesa turare, 'yan mata su ruɗe su biyo shi. An lulluɓe abin da barkwanci, amma darasin da yaro ɗan shekara goma sha biyar ke ɗauka ba na wasa ba ne. Macen da ke cikin irin wannan talla ba ta da suna, ba ta da ra'ayi, ba ta da ikon cewa a'a. Shi ma namijin an rage masa daraja, tunda an auna kimarsa da yawan matan da suka kalle shi.

Manyan gidajen ɗinki sun bi wata hanya, suka mai da jikin namijin abin kallo. A 1971 Yves Saint Laurent ya tsaya ba tufafi gaban mai ɗaukar hoto Jeanloup Sieff domin tallan turarensa na maza, lamarin da ya tayar da ƙura. Tallan Cool Water na Davidoff, wanda ya fito a 1988, ya saba nuna ƙaƙƙarfan namiji ba riga cikin ruwan teku, kwalbar Le Male ta Jean Paul Gaultier ta 1995 kuwa siffar ƙirjin namiji ce sanye da rigar matuƙan jirgi. A 1994 Calvin Klein ya koma ga tsohuwar al'ada da CK One, turare ɗaya na mace da namiji.

A 2010 Old Spice, wanda kamfanin Procter & Gamble ya saya tun 1990, ya sa ɗan wasa Isaiah Mustafa ya yi magana kai tsaye da mata a tallansa, domin su ne ke saya wa maza da yawa sabulun wanka, yana kwaikwayon jarumin talla har ya ba da dariya. Matsin lamba a kan masu talla ma ya ƙaru. Hukumar sa ido kan tallace-tallace ta Birtaniya ta haramta wasu tallace-tallacen Lynx a 2011 saboda wulaƙanta mata, a 2016 Axe ya sauya zuwa tallan da ke nuna maza iri-iri, kowa da baiwarsa, sannan a watan Yunin 2019 ƙa'idar hana tallan da ke cusa mummunan zato game da jinsi ta fara aiki a Birtaniya. Duk da haka tsohon jarumin bai ɓace ba. Sauvage na Dior, wanda Johnny Depp ke tallatawa tun 2015 a matsayin namiji shi kaɗai cikin hamada, yana cikin turarukan da suka fi ciniki a duniya, ko da yake a 2019 kamfanin ya janye wani tallansa bayan an koka da yadda ya yi amfani da al'adun 'yan asalin Amurka.