Liyari da tsakiya: tun da can maƙeranmu ba su zubar da tsohon ado

A Turai da Amurka akwai masu ƙera kayan ado da ke tallar cewa tsofaffin duwatsu da tsohon zinariya kaɗai suke aiki da su. Dalilinsu sananne ne. Lu'ulu'u ya ciyar da yaƙin basasar Saliyo daga 1991 zuwa 2002, har a 2003 aka kafa tsarin Kimberley don tantance asalinsa. Ni kuwa da nake koyar da tarihi, ina ganin wannan sabon yayi tsohuwar sana'a ce a ƙasarmu.

Mu fara da azurfa. Maƙeran fari na Agadas, Tawa da Damagaram ba su dogara da rami ba, kuɗi suke narkarwa. Babba cikinsu shi ne liyari, kuɗin ƙasar Ostiriya mai hoton sarauniya Mariya Tareza. Ta rasu a 1780, amma aka ci gaba da buga shi da wannan shekara. Nauyinsa kamar giram 28 ne, kuma kashi 83 cikin ɗari azurfa ce. Fatake suka shigo da shi ta hamada, daga baya dalar azurfa ta Faransa ta biyo. Mata su rataya shi a wuya, ko a kai wa maƙeri. Shi kuma ya siffanta abin da ake so da kakin zuma, ya lulluɓe da yumɓu, ya gasa kakin ya tsiyaye, sannan ya zuba narkakkiyar azurfa a gurbin. Haka ake ƙera alamar Agadas, wadda Abzinawa ke kira teneghelt. In munduwa ta karye, wuta take komawa, ta fito zobe.

Duwatsu ma daga nesa suka zo. An daɗe ana sassaƙa jan dutsen aƙiƙ a garin Kambay na Indiya, alhazai da fatake suna kawo shi. A ƙarni na 19 garin Idar-Oberstein na Jamus ya shiga kasuwar da dutsen Birazil, sai kuma na gilashi daga Bohemiya. Abin da ya sha irin wannan tafiya ba a yar da shi. Tsakiya da murjani kan tashi daga wuyan kaka zuwa kayan auren jika, zare kawai ake sakewa. Maƙeran Ingal kuwa sun shahara da ɗaure jan dutse cikin azurfa.

Adon nan asusun mace ne. Shi ya sa a farin 1973 da na 1984 iyalai da yawa suka sayar da na gado don sayen hatsi, dillalai suka fita da shi waje.

Yau hankali ya koma rami. Tun da aka gano zinariya a Jado a 2014 samari ke kwarara wuraren haƙa. A watan Nuwamba na 2021 rami ya rufta a Garin Liman, kusa da Ɗan Isa a jihar Maraɗi, aƙalla mutum 18 suka mutu. Duk malamin da ke yankin haƙa ya san yadda benci ke zama fanko a tsakiyar shekara. Ga kuma sinadarin merkur da ake tace zinariya da shi, mai gurɓata ruwa da jikin mutum.

Ba na cewa sake narka tsohon ado zai rufe ramuka, talauci ne ke tura yara can. Amma kowane zoben da aka ƙera da tsohuwar azurfa aiki ne ga maƙerinmu, ba tare da an jefa ɗan kowa cikin rami ba. Uwayenmu mata, kafin ku miƙa wa dillali tsakiyar gado, ku tambayi tsofaffi daga ina ta zo, ku faɗa wa ƴaƴa, sannan ku leƙa maƙera.