Kuɗin Shirin Tarbar Annoba: Abin da Ebola ta 2014 ta Nuna a Legas

A ranar 20 ga Yulin 2014 Patrick Sawyer ya sauka a filin jirgin saman Legas daga Laberiya, ɗauke da cutar Ebola. Bayan wata uku, ranar 20 ga Oktoba, Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa Najeriya ta rabu da cutar. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, cikinsu har da Dakta Stella Adadevoh, wadda ta hana Sawyer barin asibiti. A Gini da Laberiya da Saliyo kuwa, sama da mutum 28,000 suka kamu, fiye da 11,000 suka rasa rayukansu.

An fi danganta wannan nasara da Naira biliyan 1.9 da Shugaba Goodluck Jonathan ya amince a fitar cikin gaggawa. A ganina wannan lissafi bai cika ba, domin mafi yawan kuɗin da ya ceci Legas an kashe shi shekaru kafin Sawyer ya hau jirgi. Cibiyar da ta jagoranci aikin an ɗora ta ne a kan tsarin cibiyar yaƙi da shan inna da aka kafa a 2012, kuma daga can aka ɗauko Dakta Faisal Shuaib ya shugabance ta. Jami'an da suka bi sawun kusan mutum 900 da suka yi cuɗanya da masu cutar a Legas da Fatakwal, suna auna zafin jikinsu kullum har kwana 21, da yawansu sun fito ne daga shirin horar da masu binciken annoba da aka fara tun 2008. Ɗakin gwaji na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas ya iya tabbatar da cutar cikin 'yan kwanaki saboda dama yana da na'ura da ƙwararru.

Tsadar shiri tana ɓoye ne a irin waɗannan abubuwa. Gina ɗakin killace majinyata sau ɗaya ake biya, kuma shi ne abin da 'yan siyasa suka fi so, tunda akwai bikin buɗewa. Abin da ke cin kuɗi kowace shekara shi ne albashin jami'in sa ido a ƙaramar hukuma, man babur ɗinsa, dizal na janareton da ke riƙe sanyin sinadaran gwaji, kayan kariyar da ke lalacewa a ajiye, da sake horar da ma'aikata duk lokacin da waɗanda aka horar suka tafi Ingila ko Saudiyya. Waɗannan ne ake fara yankewa idan kasafi ya yi ƙunci.

Akwai hujja mai ƙarfi a ɗaya ɓangaren, kuma bai kamata a raina ta ba: me zai sa ƙasar da zazzaɓin cizon sauro ke kashe yaranta kullum ta ware kuɗi don cutar da wataƙila ba za ta zo ba? Amsar ita ce shirin da ya dace ba na cuta ɗaya ba ne. Jami'in da zai gano Ebola shi ne ke kai rahoton kwalara da damina, sanƙarau da zazzaɓin Lassa da rani, da mashaƙon da ya addabi Kano a 2023. Sannan a Saliyo da Laberiya, lokacin da Ebola ta sa asibitoci suka rufe, mata sun haihu a gida, rigakafin ƙyanda ya tsaya, ma'aikatan lafiya sama da 500 suka mutu a ƙasashen biyu da Gini.

Abin damuwa shi ne, kaso mai yawa na kuɗin shirin da ya ceci Legas daga waje ya fito, daga Gidauniyar Gates da gwamnatin Amurka. A 2001 shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja cewa za su ba lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafinsu. Najeriya ba ta taɓa kaiwa ba. Hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta samu dokarta a 2018, amma ɗawainiyar jami'in sa ido tana wuyan jihohi da ƙananan hukumomi, kuma tun da Amurka ta zaftare tallafinta a 2025, a kasafin jihohin ne ya kamata a nemi kuɗin man babur ɗinsa.