Ciwon gwiwar hannu na ƴan tanis: tarihin wani suna

A wannan ɗan rubutu muna so mu bi sawun wani ciwo da aka laƙa wa sunan wasa, alhali akasarin masu fama da shi ba su taɓa shiga filin tanis ba. Ciwon yana kama gefen waje na gwiwar hannu, a kan ƙullutun ƙashin da jijiyoyin tsokokin ɗaga wuyan hannu suke manne. Yawan damƙa da murɗa hannu, yau da gobe, shi ke kawo shi.

Wani likita Bajamushe, Runge, shi ake danganta wa bayanin farko, a 1873, kuma a wajen masu aikin rubutu ya lura da shi. A lokacin tanis na kan ciyawa bai ma yaɗu ba, don sai a 1874 Walter Wingfield ya yi rajistar wasan a Ingila, aka buɗe gasar Wimbledon a 1877. Amma da wasan ya shiga gidajen masu hali, sai masu ciwon suka fara zuwa wurin likitocin da ke rubutu a mujallu. Henry Morris ya ambace shi a Lancet a 1882, H. P. Major kuma ya ɗaura masa sunan tanis a 1883. Kafinta da mahauci da magini suna da ciwon tun kafin nan. Sai dai ba su ne ke biyan kuɗin ganin likita ba. A ganinmu sunan ya fi ba da labarin ɗakin jiran likita fiye da labarin ciwon.

Suna na biyu ya fi yin ɓarna. Faransanci ya ce epikondilit, kuma ɗafa-ƙeyar "-it" a bakin likitoci kumburi take nufi. Tunda an ce kumburi ne, sai magani ya bi: hutu, ɗauri, daga shekarun 1950 kuma allurar kortizon. James Cyriax, a 1936, ya tarar da bayanai fiye da 20 masu karo da juna kan asalin ciwon, shi kuwa ya karkata ga tausa mai zurfi. Sai a 1979 Nirschl da Pettrone, a Amurka, suka duba naman da aka yanko wajen tiyata, suka ga ba ƙwayoyin kumburi a ciki. Jijiya ce ta tsattsage, gyaranta bai kammala ba.

Gwajin da Smidt da abokan aikinta suka yi a Holan, aka buga a 2002, ya nuna abin da wannan kuskure ke jawowa. Cikin mutum 185, bayan mako 6 allura ta yi wa kashi 92 cikin ɗari amfani, masu jira kawai kashi 32. Bayan shekara guda sai lissafi ya juya: allura 69, jira 83, motsa jiki a hannun gwani 91. Shi ya sa yanzu ake rage wa hannu aikin da ya jawo ciwon, sannan a riƙa ƙara wa jijiyar nauyi sannu a hankali har ta yi ƙarfi.

Maganar suna kuwa ta kai har aljihu. A Faransa ciwon yana cikin jadawali na 57 na cututtukan sana'a, ma'aikaci na iya neman diyya a kansa. Wanda yake sana'ar kansa, da guduma ko fartanya, rage aikin da likita ya ce ya yi daga abincinsa na ranar zai fito.